Ƙwallaye Biyu na Kawu

Daga Allah muke, kuma gare Shi za a tattara mu. Kawu, yayan mahaifiyata, ya riga mu tafiya a wata Talata cikin sanyin Doha, a shekarun nan da duk inda ka waiga a garin ko dai rami ake haƙawa ko bene ake ɗorawa. Ya faɗi ne bayan azahar a makarantar da yake koyar da fiziks a Abu Hamour. Aka kai shi asibiti, kafin magariba rai ya yi halinsa. Da takardu suka kammala muka kai shi makwancinsa a maƙabartar da ke bayan unguwar, muka dawo ɗakinsa muka shimfiɗa tabarmi. Ina rubuta wannan ne don na ga waɗanda suka san shi a can sun fara watsewa, wasu kwantiraginsu ya ƙare, wasu kafil, wato ubangidan da ya ɗauko su aiki, ya sallame su. Ba na so a wayi gari ba mai tuna shi sai ni, alhali ni ɗin ma ban gama gane shi ba.

Masu gadi sun riƙa zuwa cikin kakinsu tsakanin aiki da aiki, direbobi kuma su bar mota a kunne su shigo su yi fatiha su fita. Wani dattijo ɗan zangon Kumasi ya yi ta kuka yana tambaya wa zai ƙara tuƙa musu tuwon Juma'a. Wani Basakkwace kuwa ya tsaya kai da fata cewa Malam yana da wani abu a hannu, domin akwai ranar da suka gaisa ya ji tsat har gwiwar hannunsa. Na kusa da shi ya ce ai shi ya sa yake taɓa mukulli a jikin ƙofa kafin ya miƙa wa mutum hannu, sauke abin yake yi kada ya illata wani. Limaminmu ya ce a yi salati a bar zancen. Ni na san Kawu ya sha gaya mana caji ne kawai ke taruwa a jikin mutum saboda kafet da bushewar AC. Amma da a ce an juyo an tambaye ni mene ne cajin, da na ji kunya, don haka na yi shiru.

A bakin ƙofa, kusa da tarin takalma, wani saurayi na zaune ya sunkuyar da kai. Duk wanda ya shigo sai ya tsallake shi ya zo ya kama hannuna ya ba ni haƙuri, domin ni aka saba gani da Kawu. Ni ke tuƙa shi in na tashi aiki, ni ke ɗauko masa kwalin tumatir daga kasuwa. Dattijon nan na Kumasi, da ya share hawaye, ya juya ya tambayi saurayin ko shi ma ɗalibin Malam ne. Saurayin ya ce eh. Ɗan Kawu ne na fari, ɗan cikinsa, ya shekara da shekaru a Doha yana karatun injiniya. Wasu sun sha ganinsa a wurin tuwo, amma ba wanda ya taɓa jin Kawu ya ce ga ɗana. Raina ya ɓaci, na miƙe na faɗa musu ko shi wane ne. Nan take aka yi ca a kansa ana sake ta'aziyya, ana haƙuri a kan haƙuri. Da na ga fuskarsa na gane gyaran nan ya fi ɓarnar ciwo.

Bayan la'asar ya ja ni waje, jikin motar kamfanin da nake tuƙawa. Abokin wasana ne, ni ɗan mace shi ɗan namiji, tun muna yara a Funtuwa ba ma haɗuwa ba mu tsokani juna ba. Ina ce masa Injiniyan kwan fitila, yana ce mini Kwandasta. Ranar babu wasa a bakinsa.

"Kai da kake tare da shi kullum, gaya mini gaskiya," in ji shi. "Ya taɓa faɗin sunana? Ko sau ɗaya, ko da kuskure?"

Na ce masa bari in yi tunani. Ya ce in yi da sauri, domin jirginsa na Kanada bai da nisa, kuma yana so ya san irin addu'ar da zai riƙa yi wa mamacin, ta ɗa ga uba ko ta Musulmi ga ɗan'uwansa Musulmi. Tun daga ranar nake juya Kawu a kaina, gaba da baya, ina neman abin da zan ba shi.

Da na kira Inna, mahaifiyata, a waya na gaya mata, sai ta ce ita ba ta ga abin tambaya ba. Kunyar ɗan fari ce, kowa ya santa. Uba ba ya faɗin sunan ɗansa na fari, ba ya zama da shi su yi hira, ba ya yabonsa a gaban mutane. Haka kakanmu ya yi wa Kawu, shi ma ɗan fari ne, kuma ba wanda ya mutu. Na ce mata Inna, a gida ne hakan ke tafiya daidai. A Funtuwa Kaka ce ta goya ɗan Kawu, ita ke kiransa da suna sau goma kafin hantsi, ga baffanni ga gwaggonni, kowa na jansa a jiki. A Doha kuwa ba Kaka ba gwaggo, daga shi sai uban da ke kiransa "wancan". Ta ce to sai ya canza hali don ya hau jirgi? 

Sunayen da Kawu ke kiransa da su ba su da yawa. "Mutumin naka." "Abokin wasan naka." In ransa a ɓace yake kuma, "wancan mai taurin kan." Abin da ya fi ci wa ɗan rai shi ne ranar Juma'a in an kira gida. Kawu zai karɓi waya ya yi ta kiran ƙananan 'ya'yansa da sunayensu ɗaya bayan ɗaya, yana tsokanar autar har ya yi dariya da hawaye, shi kuwa babban yana zaune a gefe yana juya loma cikin miyar kuka. Ni ma a lokacin nakan ji haushin Kawu, ba zan ɓoye ba.

Ga wanda ba ɗansa na fari ba, Kawu mutum ne mai surutu har ya gundure ka. Duk abin da ya gani sai ya mai da shi darasi. Yana da wasu ƙwallaye biyu da ya fafe daga farin kwalin soso da ake zuba kifi a kasuwa, ya naɗe su da takardar azurfar shawarma. Ɗaya ya tsire shi a tsinken roba ya kafe a kan tebur, ɗayan ya rataye shi da zare. In an gama cin tuwo sai ya ce a ƙure AC, wai danshin Doha ɓarawon caji ne. Muna rawar sanyi zai ɗauko guntun bututun roba ya goga a hular sanyinsa har ya yi ƙas-ƙas, ya shafa wa wannan, ya sake gogawa ya shafa wa wancan. Sai ka ga na zaren ya yi baya da kansa ya tsaya a karkace, ba hannu ba iska. Basakkwacen nan duk ranar da ya gani sai ya ja da baya ya yi a'uziyya.

Bayanin nasa shi ne inda nake ɓacewa. Ya ce caji iri biyu ne. In masu bambanci suka haɗu sai su ja juna, in iri ɗaya ne sai su ture juna, kuma turawar ta fi ƙarfi in suna dab da juna. In ka ninka nisan da ke tsakaninsu, ba rabi take komawa ba, kashi ɗaya cikin huɗu take komawa. Har nan ina biye da shi. Sai ya ce to yanzu in tsinke zaren a cikin kaina, in kwashe iska, in cire nauyin da ke jan abu ƙasa. Na ce Kawu, ina za a sami irin wannan wurin, ko a Sanaiyya, unguwar masana'antu, ba a sayar da shi. Ya ce in rufe baki in saurara. Ƙwallon da aka saki zai fara daga tsaye, ya ɗauki gudu. Yana nisa turawar na raguwa, amma gudunsa ba ya raguwa, ƙaruwa ma yake yi kaɗan-kaɗan, kuma ba zai juyo ba har abada.

"To ya za a yi abin da ke tura ka ya ragu, kai kuma gudunka ya ƙaru?" na tambaye shi.

"Direba ne kai ko ɗan dako? In ka sassauta ƙafa a totur, ba ka ɗauke ba, kuma ba burki ba gargada, motar tsayawa za ta yi?" Ya ɗaga bututun ya nuna na kafen. "Duk gudun da wancan zai yi a duniya, daga zamansa kusa da wannan ya same shi. Khalas, shi ke nan."

Na ce na gane, don a kashe AC. Wata rana kuma ya juya labarin. Ya ce in ka wurgo ƙwallon daga nesa ya nufo na kafen kai tsaye, zai yi ta rage gudu yana matsowa, ya kai wani wuri ya tsaya cak, sannan ya koma ta inda ya fito. Ba za su taɓa juna ba. Iyakar kusancin da zai samu ya danganta ne da ƙarfin da aka wurgo shi da shi. Ban taɓa jin ya haɗa wannan zance da wani ɗan Adam ba, kuma da na gwada yi masa fassara sai ya ce fiziks ba tatsuniya ba ce, in daina lalata masa darasi.

Alherinsa ma a karkace yake zuwa. Duk ƙarshen mako mukan shiga kasuwar kayan lambu ta Abu Hamour, ya yi ta latsa mangwaro yana faɗa da 'yan Indiya masu sayarwa a kan wanda ya nuna da wanda aka nunar da shi dole. In an cika kwali biyu sai ya ce ɗaya na gida, ɗayan kuma in zan bi ta wajen makarantar mutumin nawa in ajiye masa. Ba hanyata ba ce, kuma ya sani. Yakan ƙara da cewa in an tambaye ni in ce ni na saya. Lokacin da zazzaɓi ya kwantar da ɗan, Kawu ya dama kunun tsamiya da hannunsa ya zuba a fulas, ya shiga mota muka tafi tare. Da muka isa ya ce shi zai zauna ya duba mini motar kada a ci ni tara. Na hau na sauko, tambayar da ya yi mini ita ce ko ɗakin yana da iska.

Rigimarsu guda na gani da idona, kuma ita ce babba. Ɗan ya sami gurbin ƙarin karatu a Kanada, ga kuma wani kamfani a nan Doha da ke son ɗaukarsa aiki. Ya zo ranar Juma'a bayan an watse, ya durƙusa ya shimfiɗa maganar, yana so a ce masa ya zauna. Kawu bai dube shi ba. Ni ya duba, ya ce in gaya wa mutumin nawa ya tafi, nan ba wurin zama ba ne, wurin a yi aiki a tsufa a sallame ka ne. Ɗan ya ce shi ba ya buƙatar tafinta, ga shi ga mahaifinsa.

"Baba, nan ba gidan Kaka ba ne. Ba ni da kowa a garin nan sai kai. In korata za ka yi, ka kore ni da sunana."

Kawu ya ɗago kai. Ya buɗe baki, na rantse na ɗauka zai faɗa. Sai ya ce, "An ci abinci kuwa?"

Ɗan ya tashi ya sa takalminsa ya fita. Kawu ya zauna ya daɗe yana goge bututun nan da gefen rigarsa, alhali ba abin da ya same shi. Na ce masa Kawu wannan ba daidai ba ne. Ya ce in an haifa mini zan sani. Na ce in haka ne gara a fara haifa mini na biyu. Bai yi dariya ba, kuma Kawu mutum ne mai dariyar abin da bai kai wannan ba.

Ranar bikin kammala karatun ɗan, Kawu ya sa babbar rigarsa ta shadda wadda ban taɓa ganin ya sa ba sai da Sallah. Ya fesa turare har ina tari. A hanya yana ta azalzalata, yalla, yalla, za mu makara. Da muka fara hango ginin sai ya ce in bi a hankali, akwai kyamarar gudu. Muka shiga wurin ajiye motoci ya ce in tsaya daga can ƙarshe, ya fi inuwa. Muna zaune muna kallon iyaye na shiga da furanni. Ya kama marfin ƙofa ya buɗe ta kaɗan, ya sauke ƙafa ɗaya. Can sai ya mai da ita ya rufe, ya ce in juya, ya tuna bai kashe tukunyar gas ba. Ni na kashe ta da hannuna kafin mu fito. A hanyar dawowa darasin ƙwallon da aka wurgo ya yi ta yawo a kaina, har na rasa wane ne na kafe a cikinsu, wane ne mai gudun.

Waɗannan su ne abin da na tattara, kuma ranar tafiyar ɗan Kawu ni na ɗauke shi zuwa filin jirgi. Muka bi ta Al Thumama, inda a lokacin gidajen rabi gini ne rabi yashi. Na fara da gaskiya, na ce masa ban taɓa jin sunansa a bakin Kawu ba, ko sau ɗaya. Ya gyaɗa kai kamar wanda aka gaya wa sakamakon asibitin da ya riga ya sani. Na ba shi labarin mangwaro. Ya ce wannan ya daɗe da ganewa, domin tun da yake bai taɓa ganin na saya wa wani ko goro ba. Na ba shi na kunu, na ba shi na babbar riga da ƙafa ɗaya a waje. Ya ce duk ya ji, amma mutum na iya ciyar da abin da ba ya so, don nauyi ne Allah ya ɗora masa.

Kayana sun ƙare, sai na koma surutu don kada shirun ya kashe mu. Na ce masa ni ko darasin ƙwallayen ban gama ganewa ba. Akwai ranar da na tambayi Kawu, shi na zaren mun ga abin da ke samunsa, to na kafen fa, shi ba ya jin komai? Ranar ce kaɗai na yi tambaya bai amsa ba. Ya daɗe yana kallon tebur, sannan ya ce in kashe AC na daskare. Na ce wa ɗan Kawu, tun da shi injiniya ne, ya taimaka ya raba ni da wannan.

"Yana ji mana," in ji shi, da muryar mai amsa tambayar aji ɗaya. "Daidai da abin da mai gudun ke ji, ba ragi ba ƙari. Don dai an kafe shi ne ba ka ganin..."

Bai ƙarasa ba. Na dube shi na ga ya juya fuska wajen taga, kafaɗunsa na rawa. Tun rasuwar ban ga hawayensa ba sai ranar. Na sauka gefen titi na tsaya, motoci na wuce mu suna hon. Ni ma na yi nawa, kuma har yau ban san ko dokar fiziks ce ta sa mu kuka ko Kawu ba. Shi da kansa da yana nan zai ce mun lalata masa darasi. Da muka isa, ɗan Kawu ya rungume ni ya ce in riƙa zuwa kabarin ranar Juma'a a madadinsa. Ban tambaye shi wace addu'ar ya zaɓa ba, shi ma bai faɗa ba.

Shekaru sun ɗan ja. Ya yi aure a can, ni ina nan ina tuƙi. Wata safiya ina wanke mota ya kira ni ya ce an sauka lafiya, namiji, har an yi suna. Na yi masa barka, na tsokane shi cewa Allah ya sa kada yaron ya ɗauko kan ubansa, sannan na tambayi sunan. Ya ce sunan Baba aka mayar. Na ce na ji, amma ya faɗa mini da bakinsa in ji daɗi. 

"Kwandasta, ka san ba zan iya ba," in ji shi. "Sunan mahaifina ne. Abba muke ce masa."

Na zauna a kan bokitin wankin na yi ta dariya, ruwa na zuba daga tiyo, idona ma na zuba. Ga ɗan fari an sake haifa a gidan, kuma ubansa ba zai taɓa kiran sunansa ba.

Allah ya jiƙan Kawu, ya yalwata masa kabarinsa a ƙasar da ba tasa ba, ya yafe masa abin da ya faɗa da abin da ya kasa faɗa. Allah ya raya Abba, ya ba shi masu kiransa da suna.